Kiran Intabiyu Daga Nesa: A Yanke Shawara Kafin A Yanki Tikiti

Saƙon yakan shigo ne da daddare, ta tes ko ta imel, kuma a taƙaice: an duba takardunka, ana gayyatarka intabiyu jibi da ƙarfe tara na safe a wani adireshi a Ikeja ko Apapa ko Fatakwal, ka zo da takardun shaidarka na asali da hoton fasfo. Ba a faɗi albashi ba, wani lokaci ko sunan muƙamin ba a ambata ba. Matashin da saƙon ya samu a Kano ko Katsina ko Azare ya daɗe da gama bautar ƙasa, ya tura takardun neman aiki wurare da yawa har ya manta da wasu, kuma wannan da aka amsa masa yana cikin waɗanda ya tura don kada a ce bai tura ba: tallan kaya a kan kamasho, ko tsaron rumbun ajiya da aikin dare, ko koyarwa a wata makarantar kuɗi da bai taɓa jin sunanta ba. Ransa bai kwanta da aikin ba, garin kuma da nisa. Kafin gari ya waye, duk wanda ya ji labarin a gidan ya ba shi shawara iri ɗaya: je ka gani mana, ai ba ka san inda rabonka yake ba.

Shawara ce ta masu ƙauna, kuma akwai zamanin da ta yi daidai, lokacin da kuɗin mota bai taka kara ya karya ba, masu digiri kuma ba su da yawa har ma'aikatu ke zawarcin ɗalibai tun suna jami'a. Zamanin ya wuce, shawarar ta tsaya inda take. Abin da nake son kafa wa hujja shi ne, hukuncin zuwa intabiyu mai nisa hukunci ne a kan aikin kansa, kuma a gida ya kamata a yanke shi. Tambayar guda ce: in an ce maka gobe ka fara, da wannan albashin, a wannan garin, za ka karɓa ka zauna? Wanda ya bincika ya ga amsarsa "i" ce, ko tana iya zama "i" idan wasu sharuɗɗa suka cika, ya kama hanya komai nisanta. Wanda ya san a ransa ko an ba shi ba zai karɓa ba, zamansa a gida ya fi masa alheri, kuma bai cancanci a kira shi malalaci ko mai girman kai ba.

A fara da lissafin aljihu, domin nan ne "je ka gani" ta fi rauni. Tsakanin Kano da Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Manyan bas-bas ɗin da ke tashi daga Sabon Gari da yamma sukan kwana a hanya, ga shingayen bincike, ga ramuka, ga cunkoson tireloli, su isa washegari da hantsi in an yi sa'a, in ba a yi ba sai bayan la'asar. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a garuruwa da yawa. Kuɗin mota ya bi sahu, bai kuma dawo inda yake ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Idan aka haɗa kuɗin zuwa da dawowa, da abincin hanya, da motocin cikin gari, da masaukin kwana ɗaya ko biyu, ba wuya jimillar ta kamo wannan albashi na wata guda ko ta wuce shi. Ga 'ya mace lissafin yakan ninka, domin gidaje da yawa ba za su bar ta ta yi wannan doguwar tafiya ba sai da ɗan'uwanta ya raka ta. Kuɗin kuma sau da yawa ba na mai tafiyar ba ne. Adashen mahaifiyarsa ne da aka kwasa kafin lokaci, ko tunkiyar da ake kiwo don Sallah, ko rance daga wani baffa da zai riƙa tambaya. Sai a ƙara da kwana uku ko huɗu da ya rufe teburin POS ɗinsa, ko ya bar yaran da yake yi wa darasin yamma, ko ɗinkin da ya yi alkawarin gamawa.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna nazarin wannan. A 1970 wani masani Ba'amurke, John McCall, ya nuna cewa mai neman aiki mai hankali yakan tsayar wa kansa da mafi ƙarancin abin da zai yarda ya karɓa, ya ƙi abin da ya gaza haka, ya ci gaba da nema, kuma wannan ƙin ba asara ba ce muddin layin da ya ja ya dace da halin kasuwa. Abin da ya sa hakan ya shafe mu shi ne, nema kansa yana cin kuɗi, kuɗin neman talaka kuma ƙayyadadde ne. Idan ya ƙare a kan tafiyar da tun farko an san ba za ta haifar da komai ba, babu shi ranar da kiran gaske ya zo. Layin nan kuma ba da adadin albashi kaɗai ake jan sa ba. A Legas mai gida yakan nemi kuɗin hayar shekara guda a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga kuɗin ajiya na ko-ta-kwana. Wanda ya samu ɗaki mai sauƙi a Agege ko Ikorodu, wurin aikinsa kuma yana tsibiri, zai riƙa fita kafin asuba ya dawo bayan isha'i, kuɗin mota yana cin rabon abinci. A ce an yi masa tayin naira 100,000 a can, alhali a gida yana haɗa 50,000 daga 'yan buge-bugensa, yana kwana a ɗakin zauren mahaifinsa, yana cin tuwon gida. A takarda albashin can ya ninka na nan. A ƙarshen wata, mai yiwuwa na gidan ne ke da abin ba ƙanwarsa kuɗin makaranta.

Za a ce da babu gara ba daɗi, ya fara da wannan ɗin, daga baya ya samu wanda ya fi. Maganar tana da ƙarfi a kunne, amma an gwada ta. A ƙasar Habasha, masu bincike biyu, Christopher Blattman da Stefan Dercon, sun bi kusan mutum 1,000 da suka nemi aiki a wasu kamfanoni biyar na masana'antu, aka jefa ƙuri'a wajen zaɓar waɗanda za a ba aikin. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka fara aikin sun ajiye shi a watan farko, mafi yawansu kuma ba su cika shekara ba. Bayan shekara guda, abin da suke samu bai fi na waɗanda ba a ɗauka ba, waɗanda suka ci gaba da 'yan sana'o'insu, matsalolin lafiya kuma sun fi yawa a cikin waɗanda suka shiga masana'antar. Habasha ba Najeriya ba ce, aikin masana'anta kuma ba aikin ofis ba ne, amma darasin ya ratso: aikin da mutum ya shiga ransa ba ya so, mai ƙarancin albashi da wahala, ba lallai ya zama matakala ba, sau da yawa 'yan watanni yake yi ya fito. Waɗancan ma'aikata sun ajiye aiki ne kusa da gidajensu. Wanda ya ajiye nasa a Legas bayan wata uku ya bar kuɗin hayar shekara a hannun mai gida, ya dawo da bashin da bai tafi da shi ba.

Sai batun da ya fi kuɗi nauyi. Ba kowane kiran intabiyu ne ke da aiki a bayansa ba. A manyan biranen ƙasar nan an san irin saƙon da ke gayyatar mutum "tantancewa", ya je ya tarar da zaure cike da matasa riƙe da fayil irin nasa, a shafe sa'o'i ana yi musu huɗubar yadda za su yi arziki da tallan wasu magunguna, a ƙarshe a ce kowa ya biya kuɗin rajista. Wannan ita ce mai sauƙi. A Afrilun 2021, a Jihar Akwa Ibom, an yaudari wata matashiya da ta kammala karatu a Jami'ar Uyo da sunan intabiyun aiki, aka kashe ta, kotu kuma ta yanke wa wanda ya aikata hukuncin kisa a Agustan 2022. Ko kiran gwamnati bai zama tabbacin tsira ba. Ranar 15 ga Maris ɗin 2014, aka tara masu neman aikin Hukumar Shige da Fice a filayen wasa a faɗin ƙasa, mutum sama da 500,000 a kan guraben da ba su kai 5,000 ba, kowannensu ya biya naira 1,000. Turmutsutsu ya kashe aƙalla mutum 15 a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Ita kanta hanyar tana da nata: an sha sace matafiya tsakanin Abuja da Kaduna, a Maris ɗin 2025 kuma aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a garin Uromi na Jihar Edo suna kan hanyarsu daga Jihar Ribas zuwa Kano. Ban kawo waɗannan don a daina tafiya ba, dubban mutane suna bin hanyoyin nan kullum suna isa lafiya. Amma haɗari, komai ƙanƙantarsa, ana ɗaukarsa ne don wani abin da ake so. Ɗaukarsa saboda aikin da mutum ya riga ya san zai ƙi ba shi da ma'ana.

To ta yaya za a sani daga gida? Da tambaya. Mutum ya kira lambar ko ya amsa imel ɗin cikin ladabi: mene ne sunan muƙamin, tsakanin nawa da nawa albashin yake, tsayayye ne ko na kamasho, kamfanin ne da kansa zai ɗauka ko wani ɗan kwangilar samar da ma'aikata, akwai masauki, intabiyun zagaye nawa ne, kuma tunda daga Kano zan taso, za a iya yin zagayen farko ta waya ko ta bidiyo? Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da shafi a intanet da ake duba ko kamfani yana da rajista. Ɗan'uwa ko abokin karatu da ke garin yana iya bi ta adireshin ya ga ko ofis ne na gaske. Matasa da yawa suna tsoron yin waɗannan tambayoyi, wai kada a ga zaƙewarsu a cire sunansu. Ina ganin tsoron bai da tushe mai ƙarfi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce, har da albashi, cikin wata uku da farawa, don haka albashi ba sirri ba ne da ake jin kunyar tambaya. Kamfanin da ya fusata don mutumin da zai taso daga nisan kilomita 1,000 ya tambayi abin da za a biya shi ya riga ya nuna yadda zai riƙe shi in ya shiga hannu. Wanda kuma ya nemi a fara tura masa kuɗin fom ko na gwajin lafiya, ya gama ba da amsa.

Akwai masu cewa a je ko don a goge, intabiyu ma makaranta ce. Gaskiya ne wanda bai taɓa zama gaban kwamiti ba harshensa yakan sarƙe. Sai dai wannan gogewar ana samunta a intabiyun cikin gari da kuɗin adaidaita-sahu, ko a gaban wani babban yaya ma'aikaci da zai zaunar da mutum ya yi masa tambayoyi ba sani ba sabo. A wani gwaji a Addis Ababa, an ba wasu matasa tallafin kuɗin mota don neman aiki, wasu kuma aka yi musu gajeren horo kan rubuta takardar neman aiki da amsa tambayoyi. Duka biyun sun taimaka da farko, amma bayan shekara huɗu tasirin horon ne ya ɗore a kan albashinsu, na kuɗin motar ya dusashe.

Ƙalubalen da ya fi duka nauyi shi ne wannan, kuma dole a tsaya a kansa: ashe ba wannan maganar ce za ta zama mafakar masu tsoron barin gida ba? An daɗe ana zargin matasan Arewa da cewa in aiki ya wuce Abuja sai su ce da nisa, guraben da ya kamata su cika su tafi ga wasu, daga baya a zo ana kukan an bar mu a baya a bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa, waɗanda galibin hedikwatocinsu suna Legas. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, kuma akwai shaidar da ke nuna talaka yakan ƙi tafiyar da za ta amfane shi saboda tsoron asara. A 2008, a yankin Rangpur na Bangladesh, inda ake fama da yunwa kafin girbi, masu bincike sun ba wasu magidanta kuɗin da bai wuce na mota ba, kimanin dala takwas da rabi, don su je birni ci-rani. Gidajen da suka tura wani suka tashi daga kashi 36 cikin 100 zuwa 58, abin da iyalan masu tafiyar ke kashewa a kan abinci da buƙatu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, da yawansu kuma suka sake komawa a shekarun baya ba tare da an ba su ko sisi ba. Wato tafiyar tana da riba tun asali, tsoro da rashin sani ne suka hana ta. Saboda haka wajibi ne matashi ya binciki ƙin da yake ji. In abin da ke damunsa shi ne bai san kowa ba, ba ya jin Yarabanci, ba zai samu tuwo ba, abokai za su ce ya koma ƙaramin ma'aikaci da digirinsa, to wannan ba hujja ba ce, kuma zai iya rasa aikin da zai buɗe masa ƙofofi. Ƙaramin muƙami a kamfani mai tsari, mai horar da ma'aikata, mai biyan fansho, wanda ake hawa mataki a cikinsa, ya cancanci wahalar shekara biyu a nesa ko da albashin farko bai burge ba. In kuwa ƙin ya fito ne daga lissafi, albashin ba zai riƙe shi ba, aikin ba ya koyar da komai, kwangilar wata shida ce ta hannun ɗan tsakiya, to ƙi ne mai dalili.

Masu kafa hujja da cewa kakanninmu fatake ne, sun kai Gwanja da ƙafa, ya kamata su tuna yadda fataucin yake. Bahaushe bai saba tafiya da ka ba. Unguwar Sabo ta Ibadan, da aka kafa a 1916, da zangunan Kumasi da Accra, da Agege da Idi-Araba a Legas, duk sun ginu ne a kan tsarin mai masauki: baƙo ya san gidan da zai sauka, ya san wanda zai tsaya masa, ya san farashi kafin ya kwance kaya. Har yau babu mai loda shanu a tirela zuwa kudu bai buga waya ya ji yadda kasuwa take ba. Mai digirin da ya tambayi albashi da masauki kafin ya hau mota yana kan wannan turbar ne, bai kauce mata ba.

Matsin da ya fi wuyar jurewa daga cikin gida yake zuwa. Uba ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin makaranta, uwa tana ganin 'ya'yan maƙwabta suna fita da safe, ga ɗanta a zaune. Alƙaluman hukuma ba sa rage mata zafi: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sai ya koma 4.1 a farkon 2023 bayan an sauya ma'auni, inda wanda ya yi aikin sa'a guda a mako ake lissafa shi cikin masu aiki. Ita abin da ta sani, ɗanta ba shi da albashi. A irin wannan hali, matashi yakan hau mota don kawai a ga ya motsa, ya sayi kwanciyar hankalin gida na mako guda da kuɗin da gidan ba shi da shi. Abin da ya fi shi ne ya zauna da Baba da Inna da takarda da biro, ya nuna musu abin da aka ce za a biya, da kuɗin ɗaki, da kuɗin mota, da abin da zai rage. Iyayen da suka san kasuwa da gona suna gane lissafi in an shimfiɗa musu shi. Rabo gaskiya ne, kuma addinin da ya koya mana yarda da shi shi ne ya koya mana shawara da istihara kafin a ɗaga ƙafa.

Duk da haka, zalunci ne a ɗora nauyin nan gaba ɗaya a kan wanda ba shi da ko albashi. Kamfanin da ya kira mutum daga Sakkwato zuwa Legas da sanarwar kwana biyu, don ganawar minti goma da za a iya yi ta waya, yana tace masu nema ne da kaurin aljihun iyayensu, kuma shi ma yana asara. Wani gwajin da aka wallafa a 2021, shi ma daga Addis Ababa, ya gano cewa ba masu neman aiki ɗan kuɗi kaɗan don rage musu tsadar zuwa ya jawo ƙwararru kusan yadda ninka albashin muƙamin ya jawo, domin da yawa daga masu hazaƙa talauci ne ke hana su zuwa. Gyaran ba mai wuya ba ne: a rubuta albashi a cikin tallar aiki, a yi zagayen farko ta waya ko bidiyo, a ba da aƙalla mako guda, wanda kuma ya kai zagayen ƙarshe a biya masa kuɗin mota. Gwamnati ma ta nuna ana iyawa, tunda bayan abin da ya faru a 2014 an koma yin jarrabawar ɗaukar jami'an shige da fice da na tsaron farin kaya a kwamfuta, har an yi amfani da cibiyoyin JAMB da ke jihohi. Gwamnatocin jihohin Arewa da ke kukan 'ya'yansu ba sa cike gurabe a kudu za su iya ware ɗan tallafin mota da masauki ga wanda ya nuna takardar gayyata ta gaske daga ma'aikata sananniya.

Wanda ya yanke ba zai je ba, kada ya yi shiru ya bar masu gayyatar suna jira. Ya rubuta musu layi uku tun kafin ranar: ya gode da gayyatar, nisa da sharuɗɗan da aka faɗa masa ba za su ba shi damar zuwa ba a wannan karon, yana roƙon a riƙe takardunsa idan gurbi ya samu a reshensu na Kano ko Kaduna ko Abuja. Manyan kamfanonin kayan masarufi da bankuna da na sadarwa suna da rassa a Arewa, kuma sau da yawa jami'in da ya aiko da saƙon farko shi ne ke tattara sunaye idan za a ɗauki ma'aikata a can.